Ɗan Matar Dawce

Kakata ta wajen uba 'ya'ya bakwai ta haifa, amma in ka ce ta ƙirga maka su, shida za ta ƙirga ta tsaya, ta dube ka kamar kai ne ba ka iya lissafi ba. Wanda take tsallakewa shi ne ɗanta na fari, Baffana, yayan mahaifina. Ba gaba ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta matan da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, da aka yaye shi ma uwar mijinta ce ta ɗauke shi ta raine shi. Wata shekara bayan girbi ya bi 'yan ci-rani zuwa Najeriya kamar yadda mazan Matameye suka saba, damina ta faɗi kowa ya dawo, shi bai dawo ba. Wannan ya faru tun kafin a haife ni. Shekara arba'in da 'yan kai ba wanda ya san ko yana raye, ba kuma wanda ya taɓa jin ta tambaya.

Ni dai ba don shi na shiga binciken asali ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Alhaji ne ya tunzura ni, ƙanin mahaifina, mai sayar da taki da maganin ƙwari a bakin kasuwa. An yi wani biki, maroƙi ya ɗauko kirarinsa, ya ce ɗan wane, jikan wane, daga nan sai ya yi tari ya koma kan wani ɗan sarauta da ke zaune kusa da shi, aka yi ta jero masa kakanni har shinkafa ta huce. Abin ya tsaya wa Alhaji a rai. Washegari ya cika zauren danginmu na waya da bokal, wato saƙon murya, wai ya ji daga bakin manya mu jinin sarautar Kance ne, rigimar gado ce ta fito da kakanmu. Gwaggo, yayarsa, ta mayar masa da nata bokal ɗin, ta ce sam, malamai ne daga Barno, da allunansu a kan raƙumi suka zo. Na daɗe da lura cewa a garinmu kowa ko dai jikan ɗan sarkin da aka hana gado ne, ko jikan malamin Barno. Shi wanda ya jawo raƙumin da alama bai bar baya ba, Allah ya ji ƙansa.

Da yake ni ne mushe mai koyar da tarihi a kolej, kuma ni ne mai ordinata, wato kwamfuta, aka ce aikin nawa ne. Mahaifina ya riga ya rasu, balle ya cece ni. Na sa forfe a waya, wato na sayi data, na ɗauki kujera na nufi turken awaki, don a gidanmu nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, yake yarda ya zauna. A nan nake yini daga la'asar zuwa magariba, akuya tana cin gefen wandona, ni ina neman sarauta.

Akwai abin gani a intanet, ban hana ba. Takardun Nasaran mulki an ɗauki hotonsu shafi-shafi an zuba, da rubutun hannu mai kwanciya gefe ɗaya. Na karanta rahoton rangadi har idona ya yi ja. Kumandan da ya rubuta shi ya ƙirga rijiyoyi, ya ƙirga jakuna, ya koka da zafi, ya koka da cikinsa. Ya kuma koka da cewa mutanen wannan yanki in lokacin haraji ya zo sai su tsallaka wajen Ingilishi, in na can ya taso su sake tsallakowa. Na tura wa Alhaji wannan, na ce shi ne kaɗai halin gidanmu da na gane a cikin takardun. Bai yi dariya ba. Jerin sarakunan Kance da na Damagaram kuwa na bi su daga sama zuwa ƙasa, na koma daga ƙasa zuwa sama, ko ƙurarmu babu. A tsohuwar taswira, ƙauyen da kakana ya taso ta wajen Yaurin nan ta kusa da mu ko suna ba a ba shi ba, ɗigo ne da alamar rijiya. Alhaji ya ce hassada ce ta sa Nasara suka goge mu.

Sai na koma wani shafi na masu tsara asalin dangi, inda ake ba ka hoton itace da 'yan akwatuna, kowane mutum da nasa. Akwatin farko ya ce in sa sunan zuri'a. Mu kuwa kowa sunan ubansa yake ɗauka, in an yi jika sunan kakan ya sauka a hanya. Na sa na kakana na wuce. Sai ranar haihuwa. Duk wanda ya san takardunmu ya san tsofaffin gidanmu ba ranar da aka haife su aka rubuta ba, ranar da aka buƙaci takarda aka je aka yi musu ƙiyasi, kowa aka ba shi ɗaya ga Janbiye, watan farkon shekara. Mahaifina da Gwaggo rana ɗaya aka kai su, shekara ɗaya aka ba su, alhali ita ta goya shi. Shafin ya taya ni murna da samun tagwaye a dangi. Da na sa shekarar Kaka, ya fito da jan rubutu yana tambaya ko na tabbata, don bisa lissafinsa tana da shekara bakwai ta haifi Gwaggo.

Ganin injin ya fara zargin mutuncin gidanmu, na ɗauke shi na kai wa mai gidan da kanta. Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne tun ina rarrafe: ni ne maigida, ita ce amarya, kuma ba abin da ba na faɗa mata.

Na ce, "Amarya, yaya sunan mijinki na fari, wanda na gada?"

Ta ce, "Ka ci gidanku."

"Na san sunan, so nake in ji daga bakinki don tarihi."

"Sunansa Malam."

"Amarya, a garin nan in ka jefa dutse sama a kan Malam zai faɗo. To ubansa fa?"

Ta ɗaga ƙwaryar gyaɗa kamar za ta kwaɗa mini. Mutumin ya fi shekara talatin a kushewa, surukin nata kuwa ko ƙashinsa ya zama ƙasa, amma har ranar ba ta yarda sunansu ya bi ta harshenta ba. Duk tarihin da nake nema yana cikin kan tsohuwar nan, ita kuwa ta kulle ta haɗiye makullin. Na ji haushi ƙwarai, na ce mata Nasara ma da ya ƙirga jakuna ya fi ta amfani. Ta ce to in je in aure shi.

Duk da haka ta leƙo ta ga abin da ke jikin gilashin. Ta tambayi wane irin itace ne wannan mai saiwa a sama. Na nuna mata akwatinta, na nuna mata jerin da ke ƙarƙashinsa, na ce 'ya'yanta ne. Kaka ba ta karatun boko, amma tana ƙirga. Ta bi su da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya. Shida da hoto, na farkon babu komai sai inuwar kai da kafaɗa da shafin yake sa wa wanda ba a san fuskarsa ba. Yatsan ya tsaya a kansa kaɗan, sannan ta mayar da hannunta cikin gyaɗa. Ta ce in tashi na tare mata iska.

Bayan kwana huɗu da hantsi ta aiko a kira ni. Na same ta ita kaɗai, matan gida sun tafi suna.

Ta ce, "Maigida, abin nan naka matattu kaɗai yake tonowa?"

Na ce, "Matattun ma bai tono ba."

"A'a, tambaya nake. Wata mata ce a Dawce, ɗanta ya tafi kudu ya daɗe. Ita ce ta ce in tambaye ka."

Kaka ta yi shekara goma ba ta taka Dawce ba, kuma duk wadda ta sani a can ta mutu. Dariya ta taso mini har maƙogwaro, sai na dubi fuskarta. Ba ni take kallo ba, bango take kallo, hannunta yana murza bakin zane. Na haɗiye dariyar, abin da ban saba yi mata ba.

Na ce, "Allah sarki, matar Dawce. Yaya sunan ɗan nata?"

"Ina ruwana da sunan ɗan mutane."

"To da me zan neme shi?"

Nan fa bakin da ya ƙi buɗuwa don tarihi ya buɗe. Ta ce yana da tabo a ƙwaurin hagu, lauje ya sare shi wajen yankan rake a fadama yana ɗan shekara goma sha biyu. Haƙorinsa na gaba ya ɓalle daga gefe, jaki ne ya harbe shi, shi ya sa in zai yi dariya yake rufe baki da bayan hannu. Ba ya cin kuɓewa ko da yunwa za ta kashe shi. Akwai ɗan baƙin tambari a bayan kunnensa na dama. In yana tafiya kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ranar da zai tafi riga mai ruwan ƙasa ce a jikinsa, aljihunta ya ɗan yage, ba a samu an ɗinke ba.

Na ce, "Matar Dawcen nan ta kalli ɗanta da kyau."

Ta ce, "Ta gefen ido."

Tausayinta ya kama ni har na rasa abin tsokana. Wannan ita ce matar da duk dangi suka shaida ko rakiya ba ta yi masa ba, tana daka ya fita, ba ta ɗaga kai ba.

Sunansa na yanka a wajen Gwaggo na samo, sunan kakansu ne aka mayar masa. Na rubuta shi a wurin bincike, injin ya kawo mini rabin ƙasar Hausa: 'yan siyasa, 'yan ƙwallo, wani mai sayar da maganin basir. Ga kuma wata matsalar da na sani sarai. Namu in sun daɗe a can sukan ajiye Matameye su ɗauki sunan wani gari na tsallake, wannan ya zama mutumin Daura, wancan na Zango, don a zauna lafiya da masu tambayar takarda. Shafin itace bai san wannan ba, takardun Nasara ba su kai nan ba. Na rufe su duka.

Abin da ya rage shi ne zaurukan waya na 'yan garinmu mazauna Kano da Legas da Fatakwal da Ibadan, inda ba a rubutu sai bokal, kuma rabinsa gaisuwa ce. Na yi nawa, na faɗi sunan, na jero alamomin kamar mai cigiyar tunkiya, na roƙi a yaɗa don Allah. Aka kuwa yaɗa. Cikin mako biyu muryata ta dawo mini sau uku daga mutanen da ban sani ba, suna tambaya ko na san mutumin da ake nema. Wani ya kira ya ce yana da tabon amma a ƙafar dama, ko za a yi haƙuri da shi. An samo wani a Kano mai tabo da ɓallen haƙori, har na fara murna, na kai wa Kaka labari. Ta ce a tambaye shi kuɓewa. Aka tambaya, ya ce ai ba shi da miyar da ta fi ta. Ta ce ba shi ba ne, ta juya ta kwanta.

Kullum na shigo gida ba ta tambaya. Sai dai ta ce, "Maigida, yau ba ka je wajen awakinka ba." In na ce zan je an jima, ta ce rana tana yi. Tsoro ya fara kama ni, don tsohuwar ta rage cin abinci, ƙafafunta sun fara kumbura, ni kuwa na ɗaga mata rai da abin da ban tabbata zan iya ba. Alhaji ya kira yana tambayar inda aka kwana a maganar sarauta, na ce masa kada ya matsa, allura tana shirin tono garma.

Ana tsakiyar bazara wani mai shayi a Sabon Ibadan, mutumin Kurni, ya turo mini bokal. Ya ce akwai wani tsoho mai gadin sito da ke shan shayi wurinsa, yana amsa sunan mutumin Daura, amma har yau lakwal yake ce wa makaranta kamar mu. Ya ce ya sa masa saƙona ya ji, tsohon ya ajiye kofi ya tashi ya tafi, bai dawo ba sai bayan kwana uku. Da ya dawo ya ɗage wandonsa ya nuna masa ƙwauri. Mai shayin ya turo hoto. Na kai wa Kaka wayar, ta kau da kai, ta ce ita me za ta yi da hoton mazan mutane.

Muka sa lokaci bayan la'asar. Na ce mata rezo ba zai zo ɗakinta ba, sai dai ita ta je wurinsa. Ta yi ta mita, wai a tsufanta za a kai ta zaman turke, amma ta ɗauki ƙwaryar gyaɗarta ta biyo ni tana dafa bango. Ta zauna a tabarma ta ba wayar baya.

Muryar da ta fito ta tsoho ce, Hausarsa ta ɗan karkace. Na gaya masa ni ɗan wane ne. Ya tambayi mahaifina, na ce ya rasu. Ya tambayi nasa mahaifin, na ce shi ma. Ya yi salati. Sannan ba tare da na tambaye shi ba ya ce shekarar farko ciwo ya kwantar da shi, abin da ya tara ya ƙare, ya ji kunyar dawowa hannu rabbana alhali sa'o'insa suna dawowa da keke da rediyo. Ya ce sai baɗi. Baɗin ta zo, ya ce sai wata baɗin. Daga baya kuma kunyar daɗewar ta fi ta talaucin. Ya yi aure a can, matar ta rasu, ba su samu haihuwa ba.

Can ya ce, a hankali, "Tsohuwa fa, yaushe ta..."

Na ce, "Ga ta nan zaune, tana jin ka."

Ina jin numfashinsa da ƙarar motocin Ibadan, ina jin ƙas-ƙas ɗin gyaɗa a bayana, don hannunta bai tsaya ba. Da na waiga na ga ɓawon take zubawa a ƙwarya, ƙwayar tana jefa wa awaki.

Ta ce, ba ta juyo ba, "Maigida, ka ce masa hadari ya fara haɗuwa. 'Yan ci-rani sun soma dawowa."

Na faɗa masa, ko da yake ya ji. Ya ce, "Ka ce mata ba ni da abin da zan riƙo."

Ta ce, "Wa ya aike shi?"

Alhaji da ya ji labari ya ce wato shi ya aike ni neman sarki na dawo masa da mai gadi. Ya faɗi haka, sannan ya shiga cikin shago bayan buhunan taki ya daɗe bai fito ba. Yana ɗan yaro yayan nasa ya tafi, shi ne ma ya riƙe masa jaka zuwa tasha. Shi ya shirya tafiyar duka, ranar zuwan kuma ya rufe shago ya tafi bakin iyaka da motarsa ya ɗauko shi.

Sun iso da azahar, kwana biyu bayan ruwan shuka. Gida ya cika har waje, maƙwabta a kan katanga. Wani tsoho siriri ya fito daga mota, gemu fari fat, da jakar leda guda ɗaya, yana takawa da sanda. Gwaggo ta rungume shi tana kuka tana zaginsa. Kaka kuwa tun da ta ji tsayuwar mota ta shige ɗaki ta saki labule. Ya je ya tsuguna a bakin ƙofa ya cire hula ya gaishe ta. Daga ciki ta ce, "Lafiya. An zo lafiya?" kamar mai amsa wa wanda ya zo sayen ƙwai. Mata suka yi ta dariya suna cewa tsohuwa ba ta sake hali, aka ja shi zuwa inuwar darbejiya aka shimfiɗa masa tabarma.

An jima ta kira ni. Fura ce ta dama da hannunta, ita da ta yi shekaru ba ta taɓa ludayi ba. Ta ce in kai wa baƙo. Na kai, na tsaya aka ɗan yi hira, sannan na koma don in tsokane ta, na ma shirya abin da zan ce. Na ɗaga labule na same ta a tsaye a kan ƙafafun nan masu kumburi, ta dafa bango, ta sa ido ɗaya a tsagar taga tana kallonsa yana shan furar. Ba ta motsa ba da ta ji shigowata. Hawaye yana bin fuskarta yana ɗiga a kan zane, ba ta share ba, ni ma nawa suka zo, na tsaya a bayanta.

Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, "Maigida, injin nan naka ya cuce ni."

Na ce, "Da aka yi me, amarya?"

Ta ce, "Yaro na ba ka ka nemo mini, ka kawo mini tsoho."